Tsara bututun ruwa da kwamfuta: wace dabara ce ta dace idan araha da inganci suna ja-in-ja?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibin injiniya da ke aikin digirinsa na biyu. An ba shi tsara bututun ruwa na wata sabuwar unguwa, ana son aikin ya yi araha, ruwa ya kai kowane gida da ƙarfinsa, kuma kada unguwar ta bushe idan bututu ɗaya ya fashe. Ya ce ya haɗa buƙatun nan uku ya mai da su maki ɗaya, ya ba kowace nauyinta, amma da zarar ya taɓa nauyin sai amsar ta canza gaba ɗaya. Yana so ya san wace dabarar bincike ce ta fi: NSGA-II mai kwaikwayon gado da hayayyafa, ko wadda ke kwaikwayon garken tsuntsaye, ko ɗaya daga cikin sababbin nan masu sunayen namun daji.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka.

Gajeriyar amsa ita ce ka ɗauki NSGA-II ka haɗa ta da EPANET, manhajar da ke lissafa gudun ruwa da ƙarfinsa a cikin bututu, za ta fitar da kai. Sai dai abin da ke damunka ya samo asali ne tun daga ranar da ka narkar da buƙatu uku ka mai da su maki ɗaya. Muddin ba ka warware wannan ba, ko wace dabara ka ɗauko haka amsar za ta ci gaba da yi maka yawo.

Mu fara da dalilin da ya sa buƙatun suke ja-in-ja. A lissafin Hazen da Williams da kuka yi a aji, ƙarfin da ruwa ke asara a cikin bututu yana raguwa sosai idan bututun ya ƙara faɗi: ka ninka faɗin sau biyu, asarar ta ragu kusan sau 29. Don haka babban bututu ne ke kai ruwa ƙarshen layi da ƙarfinsa, kuma shi ne ke cin kuɗi. Idan ya yi girma fiye da kima kuma, ruwa ya riƙa tafiyar hawainiya a ciki, ya daɗe, sinadarin kulorin da aka zuba masa ya ƙare kafin ya isa famfon gida. Taura biyu ba ta taunuwa. Babu wani tsari guda da zai fi kowa araha, ya fi kowa juriya, ya kuma fi kowa sabon ruwa. Abin da ke akwai shi ne jerin tsare-tsare, kowanne ya saki wani abu ya riƙe wani.

Wannan tunani yana ɗauke da sunan Vilfredo Pareto, ɗan Italiya da ya karanta injiniya a Turin kafin ya koma koyar da tattalin arziki a Lozan ta Suwizalan a ƙarshen ƙarni na 19. Ka'idar mai sauƙi ce. Ana cewa wani tsari ya rinjayi wani idan bai gaza shi a ko wace buƙata ba, kuma ya fi shi aƙalla a guda ɗaya. Duk tsarin da aka rinjaya, a jefar da shi, babu dalilin gina shi. Waɗanda suka rage, wato waɗanda babu mai rinjayarsu, su ake kira iyakar Pareto. A kan wannan iyaka ba za ka ƙara juriya ba sai ka ƙara kuɗi, ba za ka rage kuɗi ba sai ka sarayar da juriya. Aikin kwamfuta ya tsaya ga zaƙulo maka wannan iyaka. Zaɓen tsari ɗaya daga cikinta kuwa aikinka ne da na mai biyan kuɗin.

Yanzu ga illar maki ɗaya. Da ka rubuta cewa kuɗi na da nauyin kashi 50, juriya 30, ƙarfin ruwa 20, ka riga ka yanke hukunci tun kafin ka ga abin da ke kan faifai. Su waɗannan lambobi daga ina suka fito? Kuma naira da mita ba ma'auni ɗaya ba ne, saboda haka yadda ka daidaita su kaɗai ya isa ya juya amsar. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda Das da Dennis suka bayyana a 1997: wasu tsare-tsare masu kyau ba za su taɓa fitowa ta wannan hanya ba, ko wane nauyi ka sa.

Bari in ƙago maka lambobi don ka gani da idonka. Mu ce tsari na farko naira miliyan 40 ne, kuma idan babban bututu ya fashe gidaje 10 cikin ɗari za su rasa ruwa. Na biyu miliyan 70, gidaje 7. Na uku miliyan 100, gidaje 2. Babu wanda ya rinjayi wani a cikinsu, duka ukun suna kan iyaka. To ka ce kowane gida ɗaya cikin ɗari da ya rasa ruwa daidai yake da asarar wasu miliyoyi, ka tara da kuɗin gini. Kafin na biyu ya doke na farko, sai farashin da ka sa ya haura miliyan 10, domin ƙarin miliyan 30 ya ceto gidaje 3 kacal. Kafin ya doke na uku kuma, sai farashin ya gaza miliyan 6, domin can ƙarin miliyan 30 gidaje 5 yake cetowa. Lamba ɗaya ba za ta haura 10 ta kuma gaza 6 ba. Ke nan tsari na biyu ya ɓace daga idonka har abada, alhali idan miliyan 75 ne kawai a asusun aikin, shi ne abin da ya kamata a gina. Wannan tsalle da kake gani daga amsa zuwa amsa, ga tushensa nan.

Akwai tsohuwar hanya mai kyau da nake ganin ɗalibai suna rainawa don ba ta da ƙyale-ƙyale. Haimes da abokan aikinsa ne suka kawo ta a 1971. Ka bar buƙata ɗaya a matsayin abin nema, sauran ka mai da su iyakoki. Ka ce a nemo tsarin da ya fi juriya wanda bai wuce miliyan 60 ba, sannan 70, sannan 80, har ka zana iyakar da kanka. Tana kamo irin tsari na biyun nan da tara maki ke ɓatarwa, kuma ta yi daidai da yadda ake magana a ofis, inda za a ce maka ga abin da ke cikin kasafi. Wahalarta ita ce kowane ɗigo a kan iyakar yana buƙatar bincike nasa daga farko.

Me ya sa ba za a gwada dukkan tsare-tsaren a zaɓi na kirki ba? Duba sanannen misalin nan na birnin Hanoi a Biyetnam, wanda Fujiwara da Khang suka fitar a 1990, kuma har gobe masu bincike suna gwada dabarunsu a kansa. Bututu 34 ne, kowanne ana zaɓar masa faɗi daga cikin guda 6, daga inci 12 zuwa inci 40, da sharaɗin kada ƙarfin ruwa a ko wace mahaɗa ya gaza mita 30. Ka ninka 6 da kanta sau 34, lambar da za ta fito tana da alƙaluma 27. Ko da kwamfutarka na auna tsari miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, za ta shafe shekara kusan tiriliyan 9 ba ta gama ba. Ga shi kuma faɗin bututu ba abin da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan ba ne, inci 4 ne ko inci 6, babu huɗu da kwata a kasuwa. Wannan ya sa hanyoyin lissafi masu bin gangara, wato masu matsa lamba kaɗan-kaɗan zuwa inda amsa ke gyaruwa, ba sa jin daɗin irin wannan aiki. In da matsalarka ta kaurin ƙarfe ce ko lanƙwasar fiffike, inda lambobi ke tafiya sumul, da na ce ka fara da su, sun fi sauri nesa ba kusa ba.

Nan ne dabarun da ke kwaikwayon gado da hayayyafa suka shigo. John Holland na Jami'ar Mishigan ne ya kafa tushensu a 1975. David Schaffer ya gwada su a kan buƙatu da yawa a tsakiyar shekarun 1980, amma tasa dabarar ta fi karkata ga tsare-tsaren da suka yi fice a buƙata ɗaya, tana zubar da na tsakiya. David Goldberg ya ba da shawara a 1989 cewa a jera tsare-tsare bisa rinjaye. Kalyanmoy Deb, a lokacin yana cibiyar fasaha ta Kanpur a Indiya, ya gina NSGA a kan wannan shawara tare da Srinivas a 1994, sannan shi da ɗalibansa suka fitar da NSGA-II a 2002. A ɓangaren ruwa kuwa, Simpson da Dandy da Murphy na Jami'ar Adeled a Ostareliya sun nuna tun 1994 cewa irin waɗannan dabaru suna iya zaɓen faɗin bututu.

Ga yadda take aiki, kuma ina so ka fahimce shi sosai domin za a tambaye ka ranar kare kundi. Za ka fara da tsare-tsare 100 da aka zaɓo da ka. Kowane tsari jerin lambobi ne, lamba ɗaya ga kowane bututu. EPANET ta auna kowanne. Sai a riƙa ɗauko biyu-biyu ana gwada su, wanda ya fi ya zama uba ko uwa. A yanki wani sashe na wannan a haɗa da wani sashe na wancan, a ɗan sauya faɗin bututu ɗaya ko biyu ba zato, a samu 'ya'ya 100. Daga nan sai a zuba iyaye da 'ya'ya wuri ɗaya, su 200. Waɗanda babu mai rinjayarsu su ne sahun farko. A ware su gefe, a sake dubawa cikin sauran, a samu sahu na biyu, haka har a gama. Sai a cike gurabe 100 na zuriya mai zuwa daga sahun farko zuwa ƙasa. Sahun da gurabe suka ƙare a kansa, ana fifita waɗanda ke wurin da babu cunkoso, wato waɗanda maƙwabtansu suka yi musu nisa, kuma na bakin iyaka biyu ba a taɓa zubar da su. Abu biyu ke nan suke riƙe da dabarar: haɗa iyaye da 'ya'ya yana hana tsari mai kyau ɓacewa, auna cunkoso kuma yana hana duka su taru a lungu ɗaya.

Kafin ka kunna ta, koma kan buƙatunka uku, domin a ganina biyu ne. Ƙarfin ruwa a ƙarshen layi sharaɗi ne. Akwai mafi ƙarancin da hukuma ko mai aikin ya gindaya, tsarin da ya gaza shi ba tsari ba ne komai arahar sa. Kada ka bar kwamfuta ta yi ciniki da shi. NSGA-II tana da hanya mai tsafta ta riƙe sharaɗi: wanda ya cika ya doke wanda bai cika ba, idan duka biyun ba su cika ba, wanda ya fi kusa ya yi nasara. Ba sai ka ƙirƙiro wata tara da za ka ɗora a kan kuɗi ba, wadda ita ma wani nauyin ne da za ka yi ta lalube. Sai ya rage maka kuɗi da juriya. In malaminka ya damu da ingancin ruwan, ka ƙara daɗewar ruwa a bututu ta zama ta uku.

Juriya ita ce wurin da ya kamata ka zauna ka yi tunani, domin kwamfuta abin da ka auna kawai take nema. Idan kuɗi kaɗai ka ce ta rage, za ta ɗauki zagayen bututun da ka zana don ruwa ya samu hanya biyu, ta matse ɗaya hanyar zuwa mafi ƙanƙantar bututu. A takarda zagaye yana nan, a zahiri kuwa reshe ɗaya ne ke ɗauke da unguwar. Wannan ne ya sa Ezio Todini na Jami'ar Bolonya ya kawo ma'auninsa a 2000, wanda ke duba rarar ƙarfin da ya rage a mahaɗai bayan an biya buƙata. Ma'auni ne mai sauƙin lissafi, amma kintace ne, ba ya rufe bututu ya ga abin da zai faru. Prasad da Park sun ƙara masa gyara a 2004 don ya lura ko bututun da suka haɗu a mahaɗa sun yi kusa da juna a faɗi. Tunda unguwa ɗaya ce a hannunka, ni dai shawarata ka auna abin kai tsaye: ka rufe kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, ka lissafa ruwan da ya kasa isa ga mutane. EPANET tana warware ƙaramin tsari cikin ƙiftawar ido, za ka iya ɗaukar nauyin haka. Ka tabbata dai ka yi amfani da fitowar 2.2 ta 2020 ko wadda ta biyo ta, ka kunna lissafin da ke rage ruwan da mahaɗa ke samu idan ƙarfi ya faɗi. Tsohon lissafin yana ɗauka kowa ya samu cikakken ruwansa ko da ƙarfin ya koma ƙasa da sifiri, kuma wannan zai ɓata maka ma'aunin juriya gaba ɗaya.

Game da sauran dabarun da ka ambata. Ta garken tsuntsaye, wadda Kennedy da Eberhart suka fitar a 1995, tana da kyau, kuma akwai nau'inta na buƙatu da yawa, amma asalinta don lambobi masu tafiya sumul aka yi ta, sai ka yi mata kwaskwarima kafin ta zaɓi faɗin bututu. Wata dabarar mai suna SPEA2 daga Zurik tsarar NSGA-II ce, sakamakonsu kan yi kusa. Idan buƙatu suka kai huɗu ko biyar, labari ya canza, domin kusan kowane tsari zai zama babu mai rinjayarsa, kowa ya cunkushe a sahun farko, dabarar ta rasa abin tankaɗe. Don haka aka yi MOEA/D a 2007 da NSGA-III a 2014. Kai ba ka kai can ba, kuma kada ka kai kanka can da gangan.

Masu sunayen kyarkeci da kifi da sauran halittu kuwa, ina roƙonka ka yi hattara. Da yawansu tsofaffin dabaru ne aka sauya wa suna, kuma masana irin su Kenneth Sörensen sun yi rubutu mai zafi a kan haka tun 2015. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga ɗalibi mai ƙwazo ya ƙarar da watanninsa yana gwada dabbar da ta fi wata, bai taɓa zuwa ya auna tudu da gangaren unguwar da yake tsara wa ruwa ba. Wolpert da Macready sun tabbatar a 1997 cewa idan aka haɗa dukkan matsalolin da za su iya kasancewa, babu dabarar bincike da ta fi wata. Fifiko yana zuwa ne daga yadda dabara ta dace da irin matsalarka, da kuma ilimin aikin da ka cusa mata. Misali, ka sa wasu tsare-tsaren da ka yi da hannu, masu manyan bututu kusa da tanki da ƙanana a ƙarshen layi, cikin ɗarin farko. Wannan kaɗai yakan rage tafiyar fiye da sauya dabara.

Idan har kundinka na buƙatar kwatanta dabaru, ka yi shi bisa adalci. Duka suna da sa'a a cikinsu, gudu ɗaya ba hujja ba ne. Ka gudanar da kowace sau 20 ko 30 da mafari dabam-dabam, ka ba su adadin kiran EPANET iri ɗaya, sannan ka auna faɗin filin da iyakar kowace ta mamaye daga wani ɗigo da ka tsayar, ma'aunin da Zitzler da Thiele suka kawo. Kuma ka fara gwada shirinka a kan Hanoi. Mafi arahar tsarin da aka sani a can ya kai dala miliyan 6.08. Idan ƙarshen iyakarka mai araha ya tsaya nesa da wannan, akwai gyara a shirinka ko a saitinka. Kayan aikin kyauta ne: pymoo tana da NSGA-II a shirye cikin harshen Python, WNTR kuma za ta haɗa ka da EPANET.

Abokanka da ke injiniyan inji ko na jirage, waɗanda awo ɗaya kan ci musu awoyi, ba za su iya wannan yawan gwaji ba. Su sukan gina ƙaramin lissafi mai kintace daga 'yan gwaje-gwaje, bisa hanyar da ta samo asali daga Danie Krige a ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu a 1951, su bar shi ya nuna musu inda ya cancanci gwaji na gaba. ParEGO ta Joshua Knowles, 2006, ita ce sananniya a nan. Kai ba ka buƙatarta.

Saura abin da babu dabarar da za ta yi maka. EPANET tana ɗauka bututu cike yake dare da rana. A yawancin garuruwanmu ruwa zuwa yake ya ɗauke, ranar da ya zo kowa ya buɗe famfo a lokaci guda yana cika tanki da durom da jarka, masu hali kuma su sa injin zuƙo. Buƙatar wannan sa'a ta ninka abin da littafi ya ce, kuma na ƙarshen layi ne ke shan wahalarta. Ka tambayi sa'o'i nawa za a riƙa turo ruwa, da wace wuta, ka gina lissafinka a kan haka. Jerin faɗin bututun da za ka ba kwamfuta ya zama wanda dillalai ke da shi, da faɗin ciki na gaskiya, domin bututun roba da sunansa da cikinsa ba ɗaya ba ne. Farashi kuma ka rubuta ranar da ka karɓo shi, ka haɗa da haƙa da binnewa da kayan haɗi. Sabuwar unguwa ba ta tsayawa yadda aka zana ta, don haka ka sake auna tsare-tsaren da buƙata ta ƙaru da kashi 20 ko 30 cikin ɗari, ka ga waɗanda suka tsaya da ƙafarsu.

Idan iyakar ta fito, ka zana ta, kuɗi a kwance, juriya a tsaye. Sau da yawa za ka ga wani gwiwa, inda ƙarin kuɗi kaɗan ke sayo juriya mai yawa, bayansa kuma miliyoyi su riƙa tafiya ba wani sauyin kirki. Ka ɗauko tsari uku ko huɗu daga kewayen wurin, da ɗaya mai araha, da ɗaya mai tsada. Ka buɗe kowanne a kan taswira ka bi shi bututu bayan bututu. Za ka tarar da abubuwan da mai haƙa rami zai ƙi, kamar inci 3 a tsakanin inci 6 guda biyu. Ka gyara su da hannu, ka sake aunawa, sannan ka kai wa malaminka da masu aikin a shafi ɗaya: ga kuɗin kowanne, ga mafi ƙarancin ƙarfin ruwansa, ga gidajen da za su rasa ruwa idan babban bututu ya fashe, ga kuma layukan da waɗannan gidaje suke.